Shugaban Masoya da Waƙar Taga

In ka taɓa bin layin masu alminiyam a Funtuwa, da wuya a ce ba ka ga shagon Ashiru Mai Gilas ba. Ba wai ya fi na kowa girma ba ne, allon da ke samansa ne ba ya barin mutum ya wuce salin-alin. Sauran masu shaguna sunansu da lambar waya kawai suke rubutawa su huta. Shi kuwa gogan naka, a ƙarƙashin sunansa ya sa aka rangaɗa da jan fenti: "Wanda Tasi'u Raɓa ke gaisarwa." Fentin nan ba ya samun damar koɗewa, don da ya fara dusashewa ake kiran mai zane ya sabunta.

Tasi'u Raɓa dai mawaƙi ne, ɗan garin, unguwarsu ɗaya da Ashiru, sai dai Ashirun ya girme shi nesa ba kusa ba. Da Allah ya ɗaga yaron ya koma Kano, masoyansa na gida suka kafa ƙungiya, Ashiru ya zama shugaba. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace. Shugaba a shago, Shugaba a majalisa, Shugaba a wurin ɗaurin aure. Har surukarsa, wadda ba ta san Tasi'u mutum ne ko sunan omo ba, Shugaba take ce masa, don ta samu hanyar kauce wa kama sunan suruki.

To kun san al'adar mawaƙanmu. In waƙa ta zo gangara, sai a shiga gaishe-gaishe: wane na Kaduna ina gaisuwa, wance ta Gombe Allah ya bar zumunci, a yi ta jero mutane har kiɗa ya mutu. A nan Ashiru ya kafa rumfarsa. Duk albam ɗin da Tasi'u ya fitar, sai ka ji a gindin wata waƙa an ce, "Ashiru Mai Gilas, Shugaba, ina gaisuwa." Wannan 'yar jimlar ita ce jarinsa, ita ce rawaninsa. Da ita yake cin zaɓen ƙungiya ba hamayya, don wa zai ja da mutumin da mai waƙar da kansa ya kira Shugaba a gaban duniya?

Saboda haka Ashiru ya koyi wani irin sauraron waƙa nasa na kansa. In sabuwa ta fito, sai ya ɗora yatsa a kan ɗan layin nan da ke tafiya a fuskar waya, ya ja shi fuu zuwa kusa da ƙarshe, ya kara a kunne. In ya ji sunansa, waƙa ta yi, Tasi'u ya gama da kowa. In bai ji ba, to wannan ta cike gurbi ce, a wuce ta gaba. In aka yi masa magana sai ya ce shi mai gilas ne, kuma gilashi a gefensa ake gane mai kyau, ba a tsakiya ba. Mutane suka ɗauka ƙwarewa ce.

Ana nan sai labari ya zo cewa Tasi'u zai fitar da sabon albam mai suna Ruwan Randa, kuma wai wannan karon ya ajiye fiyano da gangunan nan masu girgiza ƙirji, ya ɗauki jita, zai yi abu a hankali, mai sanyi. Albam bai fito ba Ashiru ya riga ya gama yabonsa. Ya ce shi an ɗan jiyar da shi ta waya, alhali ko tarin Tasi'u bai ji ba. Ya ce wannan albam ɗin in ya fito sauran mawaƙa sai su koma sayar da rake. Ya ƙara da cewa yana da labari daga majiya mai tushe, sunansa ba a waƙa ɗaya zai fito ba. Majiyar nan kuwa zuciyarsa ce.

Dalilin wannan zumuɗi ba ɓoyayye ba ne. Zaɓen ƙungiya ya matso, kuma a karo na farko an samu mai leƙen kujerar: mataimakinsa, Lawandi Tela, wani siririn mutum mai sanyin baki, wanda ba ya gaishe ka sai da hannu biyu. Ashiru ya san irinsu. Yana so sunansa ya fito daga lasifika a gaban Lawandi da jama'a, magana ta mutu tun ba ta tashi ba.

Ranar Asabar ɗin da albam ya fito, bayan la'asar, ya sa aka kafa kanofi a ƙofar shago, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika mai tsawon yaro. Matarsa Uwani ta aiko da zoɓo mai ƙanƙara cikin kula. 'Yan ƙungiya suka cika wuri, har da masu wucewa da suka ga alamar abin sha. Ashiru ya sha shadda, ya zauna kusa da lasifika, ya haɗa da wayarsa, ya ce kowa ya kashe tasa.

Waƙa ta farko ta tashi. Jita ta shigo a hankali, daɗi kamar me, har wani ya lumshe ido. Tasi'u bai kai ga rufe baitin farko ba Ashiru ya ja layi fuu. Sai aka ji jitar tana ƙarasa numfashi, tin, tin, ta yi shiru. Ba wane, ba wance. Ashiru ya yi murmushi ya ce ta farko ce, share fage ake yi. Ya shiga ta biyu, ya ja. Shiru. Ta uku, ya ja. Wani daga baya ya roƙa a bar su su ji ko da guda ɗaya ce daga farko, Ashiru ya ce kowa yana da kunne a gida, nan tantancewa aka zo yi. Ta huɗu, mai suna Taga, ko sakan biyu bai ba ta ba. Haka ya yi ta tsallake-tsallake, gumi na tsattsafo masa, murmushin na ƙanƙancewa, har aka zo ta ƙarshe.

Ita wannan ya bar gindinta ya tafi har ƙarshe. Kiɗa ya mutu, bai ɗaga kunne daga jikin lasifika ba, wai ko an ɓoye gaisuwar ne bayan shirun. Ai kuwa murya ta fito, sai dai ba ta Tasi'u ba ce. Wayar ce ta wuce kan saƙon wata Hajiya da ke zazzaga masa masifa a kan ƙofar kicin ɗinta da ya yi wata guda bai kawo ba. Jama'a suka ji komai tas, har inda ta ce in ba zai iya ba ya faɗa. Lawandi ya sunkuyar da kai yana gyara hula, kafaɗunsa na rawa.

Wallahi abin ya yi wa Ashiru ciwo, ciwo na gaske, irin wanda mutum ke ji in ɗan da ya goya ya wuce shi a hanya bai gaishe shi ba. Amma maimakon ya haɗiye, sai ya hau dokin zuciya. Ya zare waya, ya miƙe, ya ce a matsayinsa na Shugaba yana baƙin cikin sanar da masoya cewa Tasi'u ya lalace. Ya ce wannan ba waƙa ba ce, rarrashin jarirai ne. Ƙanƙarar zoɓo ba ta gama narkewa ba albam ɗin ya tashi daga wanda zai kori mawaƙa zuwa sayar da rake ya koma abin kunyar Funtuwa.

Kafin magariba guruf ɗin ƙungiya na waya ya kama da wuta. Kowa ya koma gida ya saurara, kowa ya dawo da fatawarsa. Wani direban adaidaita ya ce albam ɗin zai kashe masa sana'a, don in ya kunna shi tafiyar hawainiya yake yi, har fasinja na tambaya ko mai ne ya ƙare. Wata mai kitso ta ce ita ba ta ga abin da za a taka a biki ba, sai dai in zaman makoki aka shirya wa. Wani malamin firamare ya yi dogon rubutu cewa Tasi'u ya balaga a fasaha, duk wanda bai gane ba ƙwaƙwalwarsa ce ba ta kai ba. Aka tambaye shi me ya gane, ya ce abin ya fi ƙarfin bayani. Wani ya ce jita kayan Turawa ce, an bar al'ada. Aka tambaye shi fiyanon da aka bari fa, a Daura aka ƙera ta? Wani saurayi da budurwa ta yaudara ya turo hoton idonsa jajir, ya ce shi dai an yi masa waƙoƙinsa. Akwai kuma wanda ya ce bai ji ba tukuna, amma yana tare da duk ɓangaren da ya fi yawa.

Ashiru bai tsaya karanta ko ɗaya ba. Da ya ga an fara turo guntayen waƙoƙin ana kiran sunansa, ya ɗauka tsiya ake masa, sai ya rufe guruf ɗin ya zama shi kaɗai ke iya magana, ya kafa doka: duk wanda ya ƙara kawo masa zancen Ruwan Randa ya fita daga ƙungiya. A shago kuwa, da maƙwabta sun kunna, sai ya tayar da injin yankan alminiyam, ko babu abin yankawa, ƙarar ta danne komai. In ya zo wucewa ta gaban shagon Lawandi, inda kullum jitar ke tashi, sai ya murɗa wa babur wuya.

A gida ma haka. Uwani na tankaɗe da waya a gefenta, ya shigo ya ji sautin jita, ya yi kicin-kicin.

"Baban Walida, ka kuwa saurari ta huɗun nan? Taga?"

"Na ji ta. Ita ce ma ta fi muni."

Ta ajiye rariya ta dube shi. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya ɗaga hannu ya ce in tana son zaman lafiya kada ya sake jin sunan albam ɗin nan ko na mai shi a gidansa. Uwani mace ce mai haƙuri, amma ba ta rasa nata mugun wasan ba. Ta ce Allah ya huci zuciyar Shugaba, ta ɗauko abin kunne ta toshe, ta ci gaba da tankaɗenta tana murmushi.

Wani abu ya fara ɗaure masa kai. Mutane suka ƙara girmama shi. Dattijon da a da sai dai su ɗaga wa juna hannu, yanzu sai ya tsallako titi ya kama hannunsa ya ce Allah ya saka da alheri, sun ji abin da ya yi. Tsofaffin mata na aiko masa da sa albarka. Aiki ya ƙaru a shago, kowa shi yake so ya sa masa taga. Ashiru ya fassara abin da kansa: jama'a sun yaba da yadda ya tsaya ya faɗa wa Tasi'u gaskiya. Sai ya ƙara ƙaimi.

Direban adaidaitan nan ne ya kusa ɓata lissafi. Ya tsaya a ƙofar shago yana washe baki, ya ce shi fa duk da waƙoƙin na rage masa gudu, wannan mutumin da aka yaba a cikin Taga ya burge shi. Ashiru ya ɗago kai. Ashe akwai wanda aka yaba? Bai bari ya ƙarasa ba ya ce ya sani, ya tayar da inji. Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya juya ta, ya juya ta, ya tuna wanda ke kunna waƙar nan safe da yamma, wanda in sun haɗu yake masa wani irin murmushi. Lawandi. Wato tela ya zagaya ta baya ya sayi mawaƙi da ɗinki, an ba shi waƙa sukutum, shi kuma da ya yi shekaru yana ɗauke da ƙungiya a ka ko "ina gaisuwa" bai samu ba. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Ana cikin haka wani gidan rediyo mai shirin waƙoƙin Hausa ya buɗe layi don jin ra'ayin masoya, aka kira shi a matsayin shugaban reshen garin mawaƙin. Abin nema ya samu. Ashiru ya gyara murya ya yi bayani kamar wanda ya kwana cikin albam ɗin. Ya ce kalmomin ba nauyi, kiɗan ba gishiri, duk wanda ya ce ya ji daɗinsa barci ne ya ɗauke shi ya yi mafarki. Mai gabatarwa ya ce to, Shugaba, ga waƙar Taga da ake ta magana a kanta, musamman mutumin da aka ambata a ciki, me zai ce?

"Na san shi sarai," in ji Ashiru. "Bai cancanta ba. Irin mutanen nan ne masu manne wa mawaƙi don a kira sunansu. In ka cire neman suna, ba abin da ya taɓa tsinana wa Tasi'u."

Can mai gabatarwa ya yi gyaran murya ya ce lallai yau ya ga tawali'u, irin wannan sai a Funtuwa. Ashiru ya ce ai gaskiya ɗaya ce, ya kashe waya yana jin kansa kamar ya ci kofi.

Yawancin masu saurare sun tafi a kan tawali'un ne. Lawandi kaɗai, da yake tela ne mai lura da inda zare ya kuɓuce, ya gane abin da ke ƙasa. Daga baya ne aka ji cewa ya bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu don Allah a daina damun Shugaba da zancen Taga, mutum ne mai kunya, ba ya son a yi ta tayar da maganar. Sannan ya wanke ƙafa ya tafi shagon Ashiru, ya gaishe shi da hannu biyu. Ya ce jawabin rediyo ya ratsa shi. Ya ce ga shi Tasi'u zai zo gida gaida mahaifiyarsa, kuma ya yarda zai halarci taron zaɓe; in da shi ne Shugaba, a gaban idon yaron zai maimaita maganar nan, don a san ƙungiya tana da uba. Ashiru ya kalle shi a kaikaice, ya ce a ransa wato ɗan neman sunan nan yana so ya nuna ba ya tsoro. To za a gani. Bai san ingiza mai kantu ruwa ake yi masa ba.

Ranar taro aka ari wani aji a makarantar unguwa. Wuri ya cika har tagogi, don labari ya bazu cewa Tasi'u zai zo. Ya kuwa zo, cikin 'yar shiga mara hayaniya, da jitarsa a jaka, ya durƙusa ya gaida manya, ya zo wurin Ashiru da fara'a yana cewa Yaya Ashiru. Ashiru ya miƙa masa 'yan yatsu ya kau da kai. Yaron ya yi turus, ya nemi wuri ya zauna.

Kafin a shiga zaɓe aka ba Shugaba dama ya yi jawabi. Ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya fara da tarihin wahalar da ya sha wa ƙungiya, ya gangaro kan halin ɗan Adam na mantuwa. Ya ce masoya sun ba shi amanar ya faɗa wa Tasi'u cewa Ruwan Randa bai yi ba. Ba wanda ya tuna ya ba shi wannan amanar. Ya ce mawaƙin da ya daina gaida mutane ya daina waƙa. Sannan ya juyo kan Taga. Ya nuna ɓangaren da Lawandi ke zaune ba tare da ya kalle shi ba, ya ce wanda aka yaba a cikin waƙar nan yana cikin ɗakin nan, kuma shi yana ƙalubalantarsa, in ya isa ya miƙe tsaye jama'a su ga fuskar maroƙin suna.

Ba wanda ya miƙe. Shi kaɗai ne a tsaye.

Wata dariya ta kuɓuce wa wani a baya, aka yi masa tsawa. Ashiru ya ɗauka tsoron Lawandi ake wa dariya, ya ƙara buɗe ƙirji. Tasi'u kuwa ya daɗe yana kallonsa, fuskarsa ba fushi, sai wani abu mai kama da tausayi. Ya ce shi ba zai yi musu da yayansa ba, mai saurare ya fi mai waƙa sanin inda ta yi tsami. Alfarma ɗaya yake nema: a bar shi ya rera waƙar nan sau ɗaya, in ya so Yaya Ashiru ya tsayar da shi a daidai inda ta ɓaci, ya gyara. Ashiru ya duba hagu da dama, babu injin da zai tayar, babu layin da zai ja. Ya ce bismilla, ya zauna ya harɗe hannu.

Tasi'u ya zaro jita. Ya fara a hankali, yana ba da labarin wani ɗaki a bayan gari, da wata uwa mai sayar da ƙuli, da ɗanta da ba shi da komai sai murya. Ashiru ya so ya ƙi ji, amma abin ya shige shi, don unguwarsu ake zanawa, har da kwatar da suke tsallakewa. Da aka kai tsakiya sai muryar ta ƙara sauka:

Tagar Inna da kwali aka toshe ta,
In hadari ya taso ba ma runtsawa,
Wani ya zo da gilashi ya gyara ta,
Ya tafi bai tsaya jin godiya ba.
Ashiru Mai Gilas, kai ka manta,
Ni da Inna ba mu manta ba.

Ashe kuwa ya manta. Sai a lokacin abin ya dawo masa: wata damina tun yana yaron shago, ya ga mahaifiyar Tasi'u tana shanya katifar da ruwan sama ya jiƙa, ya tattara ragowar gilashi a wurin maigidansa ya je ya sa mata a tagar, ya wuce abinsa. A duk tarihin da yake bayarwa na hidimar da ya yi wa Tasi'u, da wanda ya faru da wanda ya ƙara wa gishiri, bai taɓa tuna wannan ba. Idonsa ya ciko. Daɗi ya kama shi, kunya ta danne daɗin, sannan maganganunsa na rediyo suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da duwatsunta. Bai cancanta ba. Ɗan neman suna. Da bakinsa, a gaban duk mai rediyo a ƙasar Katsina.

Waƙa ta ƙare yadda ya san ƙarshenta, tin, tin, shiru. Wannan ɓangaren kam ya haddace shi.

Ba a yi tafi ba, don kowa Shugaba yake kallo. Mai kitso ta cusa gyale a baki. Malamin firamare ya cire tabarau yana gogewa. Lawandi ya miƙe cikin ladabi ya ce shi dai tambaya ce da shi, ba da wata manufa ba: ƙungiyar masoya ce wannan, to shin ana iya shugabantar masu saurare ba tare da an saurara ba? Ya ce shi bai sani ba, jama'a ne za su faɗa in an zo ɗaga hannu. Ya koma ya zauna yana gyara hula.

Nan Ashiru ya ga kujerar na zame masa. Ya ga allon shagonsa, ya ga surukarsa tana neman sabon sunan da za ta kira shi. Ya yi wuf ya miƙe. Ya ce a gaskiya an yi masa gurguwar fahimta. Shi dama ya san albam ɗin nan babu irinsa, gwada imanin masoya yake yi, ya ga wa zai tsaya wa zai gudu. Ba wanda ya ko gyaɗa kai. Ya ce kuma abin da ya faɗa a rediyo ai mai gabatarwa da kansa ya ce tawali'u ne. Wani ya ce to maroƙin sunan da aka ce ya miƙe fa? Dariyar da ake dannewa ta fashe.

Da ya ga ba mafita, sai ya yi abin da duk mai neman tsira ke yi, ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ya juya kan Tasi'u, rabi faɗa rabi roƙo.

"Kai ma da naka, Tasi'u. Tun da aka fara waƙa a ƙasar Hausa, a ƙarshe ake gaida mutum. Kowa ya san inda zai je ya tarar da sunansa. Don me za ka ɗauki nawa ka ɓoye?"

Tasi'u ya mayar da jita cikin jaka, ya ja zif a hankali.

"Ai ban ɓoye shi ba, Yaya Ashiru. A cikin waƙar na sa shi, ban san ba ka shiga can ba."